Issoufou da Rufin Gidan Sistoci

Issoufou magini ne, mutumin Nijar. Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗora bulo a Madina kafin gwiwa ta zaunar da shi a unguwar Harra ta Yamma, wurin 'yarsa Wafa.

A garinsu akwai wani cocin Katolika da Faransawa suka sa aka gina, da gidan sistoci, mata masu hidimar coci, a bayansa. Fadan cocin da ya zo da zanen ya so a yi rufin kwano, amma kwanon bai iso ba. Mahaifin Issoufou, Musulmi mai sallah a kan lokaci, shi ya ce a bar masa aikin. Ya tayar da bango da dutsen marmara, ya ɗaure rufin da azara da laka, baka shida a jere, irin na zauren manyan gari. Gidan sistocin kuwa ɗakuna takwas ne kewaye da rijiya, tagoginsu ƙanana, can sama. Duk shekara kafin damina uba da ɗa ke zuwa yaɓe, har uban ya rasu.

Bara, wata rana bayan la'asar, Wafa ta miƙo masa waya.

"Baba, wata tsohuwa ce daga gida, wai Sara."

Ya gane ta. Marainiya ce da sistoci suka raina, yanzu ita ke riƙe da makullan wurin.

"Malam Issoufou, rufin cocin, ɗakin addu'armu, ya tsage," in ji Sara. "Maginan yanzu sun ce a rushe a zuba siminti. Kai kaɗai ka rage da ka san cikinsa."

Issoufou ya ce a turo masa hotuna.

Wata biyu yana aika wa maginan saƙon murya: inda za a tokare, wace azara za a zare, kwana nawa laka za ta kwanta kafin a taɓa ta. Wani maƙwabci ya tambaye shi ko ya dace ya sa hannu a gyaran coci, yana zaune a birnin Manzo. Issoufou ya ce, "Aikin hannun ubana ne, kuma akwai mutane a ƙarƙashinsa."

Rufin ya tsaya, damina ta wuce ba ɗigo. Sara ba ta ga ƙarshen aikin ba; ta rasu ana saura baka ɗaya. Da labarin ya zo, Issoufou ya sa Wafa ta nemo masa lambar 'yan uwanta, ya yi musu ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya.