Gaisuwar da Ta Raba Ni da Aiki a Alƙahira

Zan fara da neman afuwa, domin an ɗan kwana biyu da faruwar abin, kuma ni in abu ya firgita ni yakan dagule mini a kai. Mai yiwuwa na sa wani abu a gaba wanda a baya ya faru. A lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, ina da digirin Turanci, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya. Ni ne irin mutumin da yake riga direba zuwa tasha, wanda in ya kulle ƙofa sai ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Shi ya sa har yau 'yan gidanmu suke mamakin yadda na bi shawarar wani abokina da ke karatun addini a Masar. Cewa ya yi in shigo da bizar yawon buɗe ido kawai, malaman Turanci nemansu ake yi, in na samu aiki masu aikin ne za su yi mini takardun zama. Ba na zarginsa. Abin da ya ji ana faɗa ne ya faɗa mini.

Na sauka a ɗakinsu a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, shi da wasu ɗalibai 'yan Arewa. Kullum da safe sai in goge riga in shiga jirgin ƙasa na metro ina bin cibiyoyin koyar da Turanci ɗaya bayan ɗaya. A waya ana yaba Turancina, a ce in zo. In na zo aka ga koren fasfona, sai fuska ta canza, a ce ma'alish, wato in yi haƙuri, wanda Turanci yake harshen uwarsa ake nema. Na yi ta bayanin cewa da Turanci na yi karatu tun daga firamare, babu mai saurare. Wa'adin bizar kuwa yana ta matsowa.

Daga ƙarshe na dace da wata cibiya a hawa na biyu na wani tsohon bene kusa da unguwar Abbasiya. Mai cibiyar mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya sa na koyar a gabansa, ya ce tamam, wato ya yi daidai. Sannan ya rage murya ya ce sharaɗi ɗaya ne: a cikin ginin nan ni Ba'amurke ne. Ya ce iyaye ba malami suke saye ba, ƙasa suke saye, kuma baƙaƙe sun cika Amurka, wa zai bincika? Kada in yi Larabci, kada in yi yarenmu, in riƙa tauna magana kamar 'yan fim. Ya yi alkawarin in na yi haƙuri zai nema mini izinin aiki. Na so in ce a'a, ina jin har na buɗe baki. Amma wannan alkawarin shi kaɗai ne hanyar da nake gani ta zama a ƙasar ba tare da ɓuya ba, sai na amsa.

Na riƙe ƙaryar da irin himmar da nake riƙe gaskiya. Na haddace sunayen titunan garin da aka ce nawa ne a Amurka, na koyi yadda sanyinsa yake. A ɗaki kuwa na zama abin tsokana. In na shigo sai a ce a matsa wa Ba'amurken Ainu Shams ya zauna, wani ya tambaye ni ko a Amurka ma da yatsa ake lasar miyar kuka. Ina dariya, alhali bizar ta riga ta ƙare. In na hangi ɗan sanda sai in tsallaka titi. Duk lokacin da na tuna wa mai cibiyar maganar takardu sai ya dafa kafaɗata ya ce gobe, ya ustaz, gobe in sha Allah.

A ajina akwai wata budurwa 'yar Sudan da yaƙi ya raba su da gida. Kakarta ce take rako ta, ta zauna a benci tare da sauran iyaye har a tashi. Tsohuwa ce doguwa, tana dogara sanda, ban taɓa jin ta yi wani harshe ban da Larabci ba. Wata rana da la'asar, an tashi daga darasi, iyaye sun cika barandar, tana sauka daga matakala sai sandar ta zame, ta tafi za ta faɗi. Na riƙo hannunta. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce mata sannu, Iya. Duk Bahaushe ya san ba shawara ake yi kafin a faɗi wannan ba.

Ta tsaya cak tana kallona. Sai ta amsa da yawwa, da wata irin tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci, ta kira ni ɗan nan, ta tambaye ni lafiyar gida, da mutanenmu, da gajiya, ɗan wane gari ne ni. Ta ce kakanninta daga ƙasar Haɗeja suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Mai cibiyar yana tsaye a bakin ofishinsa yana zare mini ido. Na san abin da yake so: in ɗaga kafaɗa in ce da Turanci ban gane abin da take faɗa ba. Da an ce tsohuwa ce ta ruɗe, shi ke nan. A nan nake so mai karatu ya lura. Sannun ce ta kuɓuce mini. Abin da ya biyo baya da hankalina na yi shi. Na durƙusa a kan matakalar, a gaban kowa, na amsa mata gaisuwarta tun daga farko har ƙarshe, na gaya mata ni ɗan Zariya ne.

Ba a kai magariba ba aka sallame ni. Wasu iyaye sun yi ta faɗa cewa an yaudare su, kuma gaskiyarsu ce. Mai cibiyar ya gaya musu ni ne na yaudare shi. Da muka keɓe na tambaye shi inda maganar takarduna ta tsaya, sai ya yi dariya ya ce khalas, wato magana ta ƙare, in ina da ƙara in kai, ya ga da wace biza zan shiga ofishin hukuma. A nan na gane, ko in ce na yi zaton, ba a taɓa fara neman komai ba.

A ɗaki aka yi mini ca. Abokina ya ce saboda gaisuwa na zubar da abincina. Wani ya ce ai ko a shari'a akwai lalura. Ita ma tsohuwar, da labari ya kai mata, ta aiko jikarta da kisra, wainarsu ta Sudan, tare da saƙon faɗa. Wai me ya hana ni, maigidan nata na wasa, in ƙifta mata ido? Ta ce ta tsallake iyakokin ƙasa da bakinta a rufe, da ta zama kurma nan take. Na aika mata cewa na gode, amma ba zan iya ba. Ban daɗe ba na biya tarar wuce wa'adi, na dawo gida, ba aiki, ba takarda.

Akwai abin da nake nadama a kai. Na tsaya gaban yaran mutane na karɓi ƙasar da ba tawa ba, kuma na shiga ƙasar mutane da bizar baƙo alhali aiki na je nema. Duk mai shirin tafiya ya ji ni da kyau: wanda ya ɗauke ka aiki ba takarda ya san ba ka da bakin ƙara, kuma wanda ya fara da cewa ka ɓoye asalinka ba zai kai sunanka gaban hukuma ba. Ka samu aikin da izininsa tun kana gida, ko ka haƙura. Amma durƙuson nan ba na nadamarsa, kuma na gaji da masu so in kira shi wauta. Tsohuwa ta rasa gidanta, ta ji harshen kakanninta a bakin baƙo, a ce in dube ta in ce ban san ta ba? Ko yau aka mayar da ni kan matakalar nan, durƙusawa zan yi.

Waɗanda muka zauna tare a Ainu Shams, da duk wanda yake barandar a ranar, in kun ga inda na yi kuskure ku rubuto a gyara, zan karɓa da hannu biyu. Na dai ji wasu suna bayar da labarin cewa tsohuwar ce ta tona mini asiri. Wannan kam kada a rubuto shi. Ba ta tona komai ba, gaishe ni ta yi, ni kuma na amsa.