Ranar da Na Jiƙa Irin Kawu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da wani abokina da ya ce zai raka ni, ɗauke da rabin buhun irin gero. Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni ina yaro, shi ya aiko mini saƙo daga ƙauyensu can bayan Ɗanbatta cewa yana buƙatar iri. Ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan fari, sai ruwan ya zo kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe komai ya zuba a kwari. Sauran irin da ya ajiye kuwa, yunwar bana ta sa an daka shi tuni. Idan laimar ƙasa ta wuce bai sake shuka ba, shekararsa ta tafi ke nan.

A tasha kuɗin mota ya kusa ninka na bara, duk da haka direba ya cusa mu huɗu a baya. Na ƙi yarda a sa buhun a but, na rungume shi a cinya, abokina yana ta yi mini tsiya wai jariri na ɗauko. Hanya dai gwanin sha'awa. Gonaki hagu da dama sun yi duhu da laima, kowa ya fito da iyalinsa ana shuka. A Ɗanbatta muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da abokina ya tambayi mai suya ko shi ma yunwar ta taɓa shi.

Daga nan muka hau babura. Ba mu yi nisa ba muka tarar rafin da ke tsakaninmu da ƙauyen ya cika ya batse, har ya haura cikin gonakin da ke bakinsa. Rafin nan da rani yashi ne zalla, ko takalmi ba a cirewa. Mutane na zaune a gindin wata tsamiya suna hira hankali kwance. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta kafa kara daidai bakin ruwan, ta dube ni ta ce:

"Zauna ka huta, ɗan nan. In ruwa ya ja baya ya bar karan nan da taku uku, sai mu haye."

Ni kuwa da gaggawarmu ta 'yan birni, gani nake rana na ɗagawa, laima na tafiya. Ruwa ya bar karan da taku ɗaya kacal na naɗe wando, na ɗora buhu a ka, na faɗa. Har tsakiya lafiya lau. Can yashi ya zame a ƙarƙashin ƙafata, na tafi da baya, ni da buhu tsundum. Wasu magidanta biyu daga ɗaya tsallaken suka tsamo mu. Ban ji ciwo ba, amma wallahi da na ga ruwa na tsiyaya daga buhun, sai da idona ya kawo ƙwalla. Bayan kamar awa ɗaya tsohuwar ta haye tare da abokina, ruwa iya gwiwa, ko daddawarta ɗaya ba ta jiƙe ba. Sannu kawai ta yi mini, na ji da ma zagina ta yi.

Haka na shiga gidan Kawu a jiƙe, kaina a ƙasa. Ya zura hannu cikin buhun, ya damƙo, ya murza, ya shinshina.

"Bai lalace ba," in ji shi, "amma ba zai kwana ba. In ya kai gobe a buhu, a ciki zai tsira."

Gonar aikin kwana uku ce ga tsoho irinsa. Da aka idar da azahar, Kawu ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya faru, bai ƙara da roƙo ba. Kafin mu isa gona, sai ga maƙwabta da sungumi a kafaɗa. Kowannensu ya bar tasa shukar a ranar da laima ta fi komai tsada. Masu sungumi na gaba suna sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Wani dattijo ya leƙa ramina ya ce, "Malam, shuka muke yi, ba tuwo za ka tuƙa a ciki ba." Aka kwashe da dariya, na rage hannu. Ladan na gyara murya don kiran magariba muka rufe ramin ƙarshe.

Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka, ba nama, ba man shanu, amma na manta rabon da in ci abinci da daɗi haka. Washegari da safe muka juyo, rafin ya koma iya idon sawu kamar ba shi ya kayar da ni ba. Kafin la'asar muna Kano, baya na ciwo, rai fes.

Na tafi ne ina jin ni zan ceci Kawu da buhuna, ashe saura kaɗan garajena ya jawo masa asara. Waɗanda suka cece shi su ne mutanen da su ma ba su da na gobe, suka ba shi rabin yininsu. Bayan kwana huɗu ya ari waya ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce:

"Ya fito, ɗana. Gonar nan duk ta yi kore."