Maki Biyun Ummu Ƙusai

Shekara goma sha tara Rudaina Khawalda, wadda kowa ke kira Ummu Ƙusai, ta yi tana ɗaga waya a ofishin tankokin ruwa na gabashin Amman. A garin da famfo ke kawo ruwa sau ɗaya a mako, wannan ba aikin wasa ba ne. Ta san gidan da mota ke isa ƙofarsa, ta san wanda sai an ja tiyo ta matakala tamanin kafin ɗigo ya shiga tankin rufinsa.

Da wani sabon kamfani ya sayi ofishin, sai aka miƙa wayar ga na'ura mai basira: ita ke jin koken mutane, ita ke tura mota. Ba a kori Ummu Ƙusai ba, an sauya mata kujera. Na'urar tana da kayan aikinta, wannan na neman direba, wancan na soke aike, kuma kowanne da ɗan bayani da samarin kamfanin suka rubuta mata a kansa. Ba ta da ido, ba ta taɓa hawa tudu ba. Abin da aka rubuta shi ne iyakar saninta. Aikin Ummu Ƙusai ta karanta bayanan, ta ba su maki, ta sa hannu. Ta iya kuwa, har ta fi masu digirin.

Ranar wata Talata aka kawo mata bayanin tura tanka. Layi tara, kalmomi sumul, amma babu inda aka ce a tambayi mai gida ko mota na isa ƙofarsa, balle a ce direba ya ɗauko dogon tiyo. Ta ba shi biyu cikin goma.

Ustaz Muhannad, shugaban sashen, ya iso da kofin gahawarsa. Shekarunsa talatin, gidansu a Abdun, unguwar masu kuɗi, inda ba ya ma sanin ranar ruwa.

"Haba Ummu Ƙusai, biyu? Ɗaya na'urar da ke duba mana ta ba shi tara."

"Na'ura ta yabi 'yar'uwarta, sai me? Ita ta taɓa jin ƙishi?"

"Adireshi fa yana ciki."

"Adireshi ne zai hau matakala? Ustaz, layi ɗaya nake roƙo. Ga shi ma na rubuta muku."

"In an taɓa layi ɗaya sai an sake gwajin komai, Alhamis kuma muke buɗewa. Ki sa hannu don Allah, ki rufa mana asiri."

"Hannuna ba tambarin roba ba ne, ɗana. In kana gaggawa, sa naka."

Ya sa nasa kuwa, ko kunya babu! Ranar Lahadi aka ba ta takarda mai cike da godiya, wai sashen ba ya bukatar mai dubawa yanzu. Shekara goma sha tara, da takarda ɗaya da kwalin kayan zaƙi na baƙlawa aka sallame ta. Baƙin ciki ya hana ta ko buɗe kwalin, mai gadi ta miƙa wa. Abu ɗaya ya rage mata: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari tankoki su fara komawa da ruwansu, koke ya yi yawa, da ƙafarsu za su zo su mayar da ita kujerarta.

Washegari tana yanka kubewa wayarta ta yi ƙara. Abu Sakhar ne, tsohon direba.

"Hajiya, ga ni a gindin tudun Jabal Jaufa, shegiyar na'urar nan ta turo ni da guntun tiyo. Gidan yana can sama kusa da Allah!"

"Juya ka karɓi dogon tiyon Abu Rakan a gareji. Gobe kafin ka tashi mota ka karanto min adireshin."

Haka aka fara. Direbobi suka riƙa kiranta tun kafin su bar gareji, matan tudu suka riƙa miƙa wa juna lambarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Ruwa ya ci gaba da hawa, ko gida ɗaya bai koka ba.

Bayan wata guda saƙon Muhannad ya shigo: "Barka, Ummu Ƙusai. Aike ɗari tara, koke ko ɗaya babu. Kin ga dai bayanin ba shi da aibu. Allah ya bar zumunci."

Ta karanta sau biyu. Ashe ita da bakinta take wanke su! Kwana uku kacal take bukata. In ta kashe waya kwana uku a tsakiyar zafin Agusta, gaskiyarta za ta fito, kujerarta ta dawo. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin.

Sai wayar ta yi ƙara. Abu Sakhar ne kuma, za shi gidan wata tsohuwa mai jinyar miji, tankinta ya ƙafe tun shekaranjiya.

"Allah ya isa tsakanina da su," in ji ta. Ta share ido da bakin mayafi. "Matakala saba'in ne wannan. Ɗauki tiyo biyu."