Zanen Kaka a Ajin Firamare

A watan Mayu yayana da ke Norway ya turo mini bidiyon ranar ƙasarsu. Yaran makaranta ne a jere kan titi da ƙananan tutoci, 'yan mata cikin dogayen riguna masu ado irin na kakanninsu. 'Yarsa tana ƙarshen layi da rigar sanyi ta kanti. Ya ce da kuka ta koma gida. Sai ya roƙe ni in nemo zanen saƙi na Kaka, mai shuɗin rinin baba, in aika mata kafin baɗi, ita ma ta samu na ɗaurawa a ranar.

Na zazzage akwatin Kaka ban gan shi ba. Inna ta ce ai ta bayar tun lokacin da mutanen garin Madani suka gudo wa yaƙi zuwa garinmu Gadarif, aka sauke su a makarantarmu ta firamare.

Na goge sabon zanen gado, na ninke, don in yi musaya. A hanya ina ta maimaita abin da zan faɗa.

Iyali biyu na tarar a ajin, igiya a tsakani, zanen Kaka a rataye ya zama labule. Wata dattijuwa ta fito daga bayansa, hannunta da kumfar sabulu. Na gaishe ta, na kira ta Khala, wato gwaggo, na ce, "Wannan zanen namu ne," ban kai ga maganar musaya ba ta amsa.

"Naku ne, 'yata. Allah ya saka wa mahaifiyarki," ta ce. Kafin in buɗe jakata ta hau benci ta kwance shi.

Mijinta ne a baya, kwance kan tabarma, ɓarin jikinsa ya shanye. Wanka take yi masa. Matan ɗaya iyalin suka juya baya. Shi kuma ya laluba da hannu mai lafiyar, bai samu abin rufa ba, ya rufe idonsa.

Na rataya zanen gadon. Bai kai bango ba. Ban taɓa tunanin in tambayi Inna faɗin wurin ba. Na roƙi dattijuwar mu mayar da tsohon, ta ƙi. Ta ninke shi da kyau, ta danna mini a ƙirji, ta ce kayan da aka gada ba a barinsu a hannun baƙi.

Da na kai ƙofa na waiga. Tana tsaye a inda zanen ya gaza, ta buɗe mayafinta da hannu biyu, tana jira mijin ya bushe.