Sistar da Ta Hana Maƙoshina Sakat

Kafin bakwai na safe Sista ta riga ta buɗe ɗakin nan na ƙarshen barandar asibiti, inda ake zira wa mutum roba mai fitila da kyamara ta baki, a leƙa hanyar abincinsa. Za ta wanke robar ta rataye, ta jera mutane a benci, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: "Baba, ka ci wani abu?" In ka ce a'a, ba bakinka take kallo ba, gemunka take dubawa. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, ƙarshen watan nan za ta ajiye.

Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, amma wanda duk ya san tasha ya san ni. Shekara arba'in ina jan babbar mota. Sau uku ta kife da ni, sau uku na fito ina karkaɗe riga. Abin da ya kai ni hannun Sista, ƙwannafi ne kawai. Likita ya leƙa, ya ce ruwan ciki mai tsami ya daɗe yana tasowa har fatar ƙasan maƙoshina ta sauya. Ba ciwon daji ba ne, in ji shi, amma maƙwabcinsa ne. Sai an riƙa leƙawa duk bayan shekara uku, ana ɗan gutsirar nama a auna.

Sau biyu na haɗiyi robar nan, ko gezau. Hawayen da aka ce an gani, fankar ɗakin ce.

Da na uku ya zo, ƙwayoyin da likita ya ba ni sun kwantar da ƙwannafin, ina cin abinci kamar ango. Mu kuwa a tasha, in direba ba ya jin tafiya, wani yake miƙa wa makulli, kaya dai su isa. Sai na miƙa wa ƙanena katina. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ai maƙoshin ba zai bambanta ba. Bawan Allah ya ƙi karyawa, ya je ya zauna a benci.

Sista ta dubi kati, ta dube shi. "Baba, yaushe ka koyi shiru? Mai katin nan tun daga bakin ƙofa ake jin yadda mota ta kife da shi."

Da ta tashi aiki, sai ga ta a tasha da fararen kayanta, ina tsakiyar direbobi ina ba da labari.

"Direba, naka maƙoshin za a duba ko na dangi?"

Tasha ta kwashe da dariya. Na ce, "Haba 'yata, ai lafiyata lau."

Ta ce, "Wannan abin ba ya danna ham kafin ya shigo. Jibi da safe, ba ci ba sha. Na riga na biya ta gidanka, Mama mai ɗakinka ta ce za ta kulle kicin."

Na je, don dai kada a ce na raina mace. Aka gutsira, aka auna. Ashe wurin ya soma lalacewa, ban ji ko ƙaiƙayi ba. Ta cikin robar nan likita ya ƙone shi, zuwa biyu. Ya ce da na ƙara wasu shekaru ina yawo, da maganar ta zama wata.

Ba ni kaɗai ba ne. A bencin nan wani tela ya gaya mini sau uku yana sauya gida, sau uku tana gano shi.

Sista, ke ce birkin masu taurin kai. Ke ce mai bin wanda ba ya jin ciwo, mai shan baƙar magana daga tsofaffin da kike ceto. Likita ya ƙone abin, gaskiya ne, amma sai da aka kawo masa maƙoshin, kuma ke kika kawo. Na gode. Mai ɗakina ta gode, jikokina goma sha ɗaya sun gode. Allah Ya ba ki hutu da lafiya, Ya sa 'ya'yanki su bi ki yadda kika bi mu.

Ku masu fararen kaya da kuka rage, ku yi koyi da ita: wanda bai zo ba, shi ne abin nema. Ku kuma tsofaffi irina, in an ba ku rana, ku je. Tun da aka ƙone wurin aka matso mini da rana, tawa nan da wata shida ce, ranar Talata, ba wanda zai biyo ni tasha. Ƙarfe bakwai za a same ni a kan benci, kuma duk wanda ya ga ruwa a idona ya rufa mini asiri.