Ɗumin Inji

Dillalin babura bai yarda da baƙon nan ba. Wa zai kawo danƙareren babur ya nemi a musanya masa da ƙaramin na shiga daji, in babu lauje cikin naɗi? Dattijo ne siriri, takalmansa duk busasshen taɓo, yana rataye da jakar allurar dabbobi. Wataƙila babban ya sha kayar da shi a hanyar ƙauye.

Ko fentin ƙaramin ba ya kallo. Yana tsugune, yana dafa injin da bayan hannu.

"Baba, bugu ɗaya yake tashi," in ji dillali.

"Ai na ji ɗuminsa, ɗana. Wa ya tayar da shi kafin in iso? Gobe da sassafe zan dawo, mu ji bakinsa da sanyi."