Malama Saude da Tambayoyinta Goma Sha Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, gab da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malama Saude Lawal, mai ba ɗalibai shawara a makarantarmu ta 'yan mata da ke Kazaure, bayan jinyar mako uku.

Yaya Saude, shekara tara muna zaune ofis ɗaya. Ina tuna lokacin da iyaye suka fara sallama da kuka iri ɗaya: yara sun maƙale wa waya, ba karatu, ba aikin gida. Mu malamai muka ce a ƙwace kawai. Ke kuwa kika dube ni kika ce, "Batulu, in an ƙwace wayar, an ƙwace son ta? Bari mu fara sanin wace ce ke son ragewa, kuma son nata ya kai ina."

Haka kika zauna kika tsara tambayoyi goma sha biyu. A gefen kowace kika zana tsani mai mataki biyar, yarinya ta nuna matakin da take. Mun yi kwanaki muna gardama kan ko niyya za a rubuta ko himma. A ƙarshe kika ce niyya a zuci take, himma a ƙafa, don haka a tambayi duka biyun. Na raka ki makarantun Roni da Gwiwa a kan babur, da damina, takardun cikin leda kin rungume su ƙarƙashin hijabi. Kin fi jin tsoron su jiƙe da ki jiƙe. A hanyar dawowa ba kya wuce mai dafaffiyar gyaɗa.

Abin da ba zan manta ba shi ne na 'yata Mu'minat. Sau uku ina ƙwace wayarta, ta faɗi jarrabawa, har ta kai gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ita ma ta cike takardar. Sai da kika nemi izininta kafin ki nuna mini. A tambayar son ragewa ta zaɓi matakin ƙoli. A tambayar ko tana ganin za ta iya, ta zaɓi na ƙasa. Kika ce, "'Yarki ba taurin kai gare ta ba. Tana so, ta fid da rai ne da kanta." Ranar na yi kuka a gabanki ba kunya.

Ba ki ce ta jefar da wayar ba. Kin ce ta ajiye ta daga la'asar zuwa magariba, ni ma in ajiye tawa. A tsakanin nan muka koma tsinke zogale tare muna hira. Bana ta gama sakandare da sakamako mai kyau. Da na gaya mata rasuwarki, sai ta ce, "Umma, ban taɓa yi mata godiya ba."

To, ga godiyar nan, Yaya, tamu mu biyu, a makare.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa abin da kika shuka a zukatan yaran nan ya bi ki da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Daudu, da 'ya'yanki Ihsan da Ukasha, da dukan dangi. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.